Yadda Ake Canza Kulocin Mota a Gida

Da farko, a ajiye motar a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a cire wayar batir ta baƙin kai, sannan a ɗaga gaban da jak a tokare shi da ƙarafan tsayawa. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Daga nan, a motar da tayoyin gaba ke ja, sai a tsiyaye man giya, a cire tayoyin gaba, da shaf-shaf ɗinsu (sandunan da ke juya tayoyin), da sitata, da igiyoyin giya, kafin a kwance kusoshin da suka haɗa giyabos da inji. Giyabos na da nauyi ƙwarai, don haka a nemi mataimaki, kuma a tallafe injin daga ƙasa.

Idan kuloci ya bayyana, a sassauta kusoshin murfinsa kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. A duba fuskar filawil, wato babban zagayayyen ƙarfen da ke jikin injin, wanda kulocin ke mannewa a kansa. In ta ƙone, sai an gyara ta ko an sauya ta; in kuwa ta tsage, sai an sauya ta. A sauya faifan kulocin, da murfinsa, da boris (abin da ke danna murfin idan an taka kuloci) gaba ɗaya, domin tsohon boris ba ya daɗewa sai ya fara kuka.

Nan ne aka fi yin kuskure: dole faifan ya zauna daidai tsakiya, a saita shi da sandar saiti kafin a ɗaure, in ba haka ba giyabos ba zai koma ba. A mayar da komai, a zuba sabon man giya, a gwada shigar giya kafin a hau titi.