Yadda na gyara jinkirin matse ajiyar bayanai ta dare

Kusan mako biyu, aikin ajiye kwafin rumbun bayananmu da ke farawa da tsakar dare ba ya kammaluwa sai bayan ma'aikata sun iso da safe. Da farko na zargi faifan ajiya, na sauya shi, amma ba abin da ya canza. Na kuma rage matakin matsewa na gzip, manhajar da ke matse ajiyar don rage girmanta, daga 6 zuwa 1, sai aikin ya ɗan yi sauri, fayil ɗin kuwa ya kumbura.

Da na buɗe htop, manhajar da ke nuna yadda kwamfuta ke aiki, ana cikin aikin, sai na ga ainihin matsalar: gzip yana aiki ne da cibiya (core) ɗaya tak daga cikin takwas na na'urar sarrafawa (CPU), sauran bakwai suna zaman banza.

Na yanko wani ɓangare na bayanan don gwaji. LZ4, wata manhajar matsewa, ya fi duk waɗanda na gwada sauri, sai dai fayil ɗinsa ya fi na gzip girma, mu kuma ta intanet mai rauni muke tura ajiyar, don haka girman fayil ya fi damunmu. Daga nan na gwada wata manhajar matsewa, Zstandard (zstd), da umarnin zstd -b1 -e9, wanda ke auna matakai 1 zuwa 9 bi da bi. Mataki na 3 ya fi gzip sauri nesa ba kusa ba, fayil ɗin ma ya fi ƙanƙanta.

Na maye gurbin gzip da zstd -3 -T0 --long=27. Zaɓin -T0 yana sa duk cibiyoyin aiki, --long=27 kuma yana faɗaɗa tagar neman maimaici, wato yawan bayanan da ake waiwaya a duba don gano abin da ya maimaitu, zuwa megabait 128, inda ta gzip ba ta wuce kilobait 32. Na tabbatar da ingancin fayil ɗin da zstd -t, sannan na dawo da bayanan a wata kwamfuta.

Alhamdulillahi, yanzu aikin yana ƙarewa tun kafin asuba.