Yadda koci zai gina ɗan tsere a kan aƙidar "yau ta fi jiya"

Tsoffin Girkawa suna da wata kalma, arete, wadda ke nufin abu ya kai maƙurar amfaninsa: wuƙa ta yi kaifi, doki ya yi gudu, mutum kuma ya fito da duk baiwar da ke jikinsa da hankalinsa. A kan wannan tunani aka riƙa yin wasannin Olimfiya, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma gwarzo kambun ganyen zaitun kawai ake ɗora masa a ka. Da Bafaranshe Pierre de Coubertin ya kafa kwamitin Olimfik a 1894, sai aka ɗauki taken nan na Latin, Citius, Altius, Fortius, wato a ƙara sauri, a ƙara tsalle, a ƙara ƙarfi. Kalmar "ƙara" ita ce aikin koci. Yaron da ke hannunka, abokin gasarsa na farko shi ne kansa na watan jiya.

Fara da awo, don wanda bai san inda yake ba ba zai san ya ci gaba ba. Ka samu agogon waya da littafin rubutu guda. In akwai filin tsere, zagaye ɗaya mita 400 ne. In babu, cikakken filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 zagayensa mita 346 ne, amma ka auna naku da tef, don filayen makarantu ba su cika kaiwa haka ba. Sa yaron ya yi mita 1,000 iya ƙarfinsa, ka rubuta lokacin da ranar da yanayin gari. Kada a maimaita gwajin sai bayan mako huɗu zuwa shida, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya. Gwajin da aka yi da sanyin asuba ba a gwama shi da na zafin la'asar.

Sannan ƙarin nauyin atisaye. Girkawa na ba da labarin ɗan kokawa Milo na garin Kurotona, wanda aka ce kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa har ya zama bijimi. Ko labarin bai faru ba, dabarar daidai take: kaɗan-kaɗan, ba fashi. Jimillar gudun mako kada ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Mai kilomita 20 a wannan mako ya yi 22 a na gaba. A mako na huɗu a rage kamar kashi ɗaya cikin uku, saboda jiki a lokacin hutu yake gina abin da atisaye ya nema. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa suna jan ƙafa. Shi ya sa yaro zai ce maka bai gaji ba, bayan mako uku kuma ƙwaurinsa ya fara zogi. Ciwon ƙwauri da ya taru wuri ɗaya, wanda yake zabura in an danna da yatsa, a dakatar da gudu a kai shi asibiti, don yana iya zama tsagewar ƙashi.

A mako, kwana biyu na wuya sun isa, kuma kada su biyo juna. Ranar wuya a ɗumama jiki da sassarfa ta minti 10 zuwa 15, sai mita 400 sau shida, da hutun minti biyu tsakani. Ka dubi lokutan da kyau: na shida ya yi kusa da na farko. In ya fara da sakan 75 ya ƙare da 92, to ya yi ɗoki, ranar wuya ta gaba ka saita masa 82 ya riƙe. Wasu kwana uku kuma gudu ne mai sauƙi, irin wanda zai iya hira da na gefensa ba ya haki. Nan ne akasarin matasa ke ɓata aiki, su mai da kowace rana gasa.

Koya masa ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya da zarar ya farka. In ya haura yadda ya saba da kamar bugu 10 kwana biyu a jere, ranar hutu ce. Lokacin zafi a auna nauyinsa kafin atisaye da bayansa: kilo ɗaya da ya ragu kusan litar ruwa ɗaya ce ta fita, sai ya sha lita ɗaya da rabi a hankali. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Kada ka bar shi yana gudu shi kaɗai. Ranar 6 ga Mayun 1954 da Roger Bannister, ɗalibin likitanci, ya yi mil ɗaya cikin minti 3 da sakan 59.4 a Okasfod, abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su suka ja masa gaba. A 2021 ma kwamitin Olimfik ya ƙara kalmar "tare" a takensa. Haɗa yaron da wanda ya ɗan fi shi kaɗan, ba wanda zai bar shi cikin ƙura ba.

Maganar ƙwaya kuwa a yi ta ƙarara tun ranar farko. A Olimfiya ta zamanin dā 'yan wasa sai sun rantse sun yi horo na wata goma, mai maguɗi kuma da kuɗin tararsa ake ƙera gunki a hanyar shiga fili, kowa ya gani. Ben Johnson ya yi mita 100 cikin sakan 9.79 a Seyul a 1988, cikin kwana uku aka karɓe zinariyar saboda an gano ya yi amfani da sinadarin ƙara ƙarfi na stanozolol. Tiramol da wasu matasanmu ke haɗiya kafin wasa, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasannin duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Yana rufe zogi ne kawai, sai yaro ya ci gaba da taka ƙafar da ta riga ta ji rauni, kuma lokacin da ka rubuta a littafi ranar ba nasa ba ne, ka soke shi.