Yadda ake kafa dandalin kiɗa da waƙa na yaro da babba a ƙaramin gari

A garuruwanmu na Sudan, na bakin kogin Shuɗin Nilu da ƙasar Gadarif, kiɗa ba ya fitowa sai da dalili: biki, suna, ko Sallah. Da an watse, mai kalangu ya rataye abinsa, saurayin da ke koyon fiyano ya koma ɗaki yana bugawa shi kaɗai, yara kuma su tashi ba su taɓa ganin algaita ido da ido ba. Dandali tsayayye, wanda uba zai zo da 'yarsa, kaka ta zo da jikokinta, yana toshe wannan giɓi. Amma mai son kafa shi ya sani tun farko cewa yardar iyaye ce ke riƙe wurin, kuma kusan duk shawarar da za a yanke, daga tsayin katanga har ƙarfin lasifika, a kanta ake yanke ta.

Saboda haka kafin ka auna fili, fara da gaisuwa. Je wurin limami, da shehun unguwa, da umda, wato dagaci. A gari irin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, daga gidan Sarki ake farawa. Tafi da takarda ɗaya tak: ranakun buɗewa, lokacin tashi, wa ke tsaron ƙofa, me aka hana. Ka ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da muke niyya, a duba a gyara mana." In ya gyara, ka karɓa, domin dattijon da ya sa hannu a tsari shi ne zai kare shi ranar da wani ya kawo ƙara. Bayan nan sai izinin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da sanar da 'yan sanda. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 jihohi da dama sun kafa dokar hana fita da dare da taƙaita taro, kuma dokar kan sauya. Ka tambaya kafin kowane wasa, ka riƙe izinin a rubuce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kafa kwamiti na mutum bakwai, a ciki lallai a samu mata dattijai biyu, da malamin makaranta, da makaɗi, da ma'aji wanda ba shi ne shugaba ba.

Fili mai mita 20 a 15 ya isa. In aka cire dandamali, da hanyoyin wucewa, da wurin ruwa, abin da ya rage bai fi murabba'in mita 200 ba, wato mutum 200 a zaune a wadace. Wannan lamba ita ce iyaka, a rubuta ta a ƙofa, in an cika a rufe ko da ɗan uwanka ne a waje. Ƙofa biyu, kowace faɗin mita ɗaya da rabi, masu buɗewa waje, ba a sa musu kwaɗo muddin akwai mutane a ciki. A nisanci masallaci da asibiti, a kuma juya bakin lasifika zuwa gona ko fili, bayanta ga gidaje. Katanga kada ta yi tsayin da mai wucewa ba zai ga ciki ba. Wurin da ba a gani shi ake yi wa zato.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta zama taɓo mai cire takalmi. A zuba tsakuwa da yashi a daɓe, a ɗaga dandamali santimita 40 zuwa 50 da jan bulo, faɗinsa mita 5 a 4. In tsayinsa ya fi haka yaro zai faɗo ya ji ciwo, ƙasa da haka na baya ba za su gani ba. Rufin kwano tsirara yana tara zafi, yana kuma mayar da sauti ya cakuɗe har a kasa jin baitin waƙa. Rakuba, wato rumfa ta zana da ciyawa, ta fi shi sanyi da daɗin sauti, sai dai makamashi ce: garwashin mai shayi da jabana (kofi) ya tsaya can nesa, aƙalla mita 10, a ajiye bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara kusa da dandamali.

Wuta ce ke kashe yawancin wasanni tun ba su yi nisa ba, don haka a zauna a yi lissafinta da biro. Lasifika biyu masu inci 12 da amfilifaya a jikinsu, miksa (na'urar haɗa sautuka) mai layi takwas, makirfo huɗu, fiyano, da fitilun LED shida masu wat 30, jimillarsu tana kusa da wat 700. Awa uku ke nan wat-awa 2,100. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma in na ruwa ne ko jel, rabi kawai ake sha, in ba haka ba ya mutu cikin 'yan watanni. Ke nan batir biyu, da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida) mai wat 1,500 wadda ke ba da wuta tsabtatacciya irin ta layi. Inbata mai araha tana sa lasifika gurnani ko ba a kunna komai ba. Faranti biyu na sola masu wat 400 za su cika batiran a yini ɗaya na rana mai kyau, in ana goge musu ƙura.

In janareta ce, mai kVA 3 ta wadatar. A kai ta mita 20 bayan katanga, a sarari, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Kada a taɓa sa ta a ɗaki don rage ƙara, hayaƙinta yana kisa ba tare da an ji wari ba. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a ɗaure mata wayar as (mai kai wutar da ta zille cikin ƙasa), a sa makatsar wuta mai milli-amfiya 30. Mawaƙin da makirfo ya ja shi a leɓe yana gaya maka as ɗinka ba ta aiki, a tsayar da wasa nan take. Wayoyi su bi gefen katanga ko a binne su cikin bututu, saboda ƙananan yara da ƙafa tsirara suke yawo. Wajen kunnawa, miksa farko, lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa a juya. Wanda ya saɓa wannan zai ji "ɗum" ɗin da ke yaga lasifika.

Ƙarar nan mai soke kunne tana tashi ne idan makirfo ya ji muryar lasifika ya sake mayar mata. Maganinta a matsar da lasifika gaban dandamali, mawaƙa su kasance a bayanta, mawaƙi ya kusantar da makirfo bakinsa kamar yatsu biyu, ya daina dunƙule kan makirfon da tafin hannu. Ganga, kalangu, kakaki da daluka ba sa buƙatar makirfo a fili irin wannan. Goge, garaya da ud su ke buƙata, da muryar yara.

Yawan ƙara kuwa magana ce ta lafiya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 a matsayin iyakar wuraren kiɗa, a matsakaicin minti 15, kuma kunnen yaro ya fi na babba rauni. Mu shawararmu kada a wuce 85 a tabarmar gaba. Manhajar auna sauti a waya za ta ba ka kimantawa, in babu ita, gwada magana da wanda ke nesa da kai tsawon hannu: in sai ka yi ihu, an wuce. A sarari sauti yana raguwa desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, shi ya sa ake ɗaga lasifika sama da kan mutum, ake kuma barin mita 3 tsakaninta da yara.

Zama ya bi al'adar gari: mata da ƙananan yara gefe ɗaya da ƙofarsu da makewayinsu, maza ɗaya gefen, kujeru ashirin ga tsofaffi, fitila a kowane lungu har bayan makewayi. Hajiyoyin kwamiti su zauna a ƙofar mata. Yaron da bai kai shekara goma ba ba ya shiga sai da babba, kuma da wanda ya zo da shi zai fita. Sigari, shisha da tumbak ba su da wuri a ciki. A cika randuna da aƙalla lita 100 na ruwa mai tsabta, a ɗebo da moɗa mai dogon hannu a zuba a kofi.

Wasan yara daga la'asar zuwa kafin magariba, na iyali bayan isha'i zuwa ƙarfe goma, a katse da an kira sallah. Fara da sau biyu a wata. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa da aikin gona za su rage mutane, bayan yankan riɗi da dawa kuwa akwai kuɗi a hannu da sanyin dare, lokacin manyan wasanni ke nan. A buɗe da begen Annabi, ɗalibai su biyo, sannan babban makaɗi. A saurari waƙar kowa kafin ranar: ba batsa, ba zambo, ba habaicin ƙabila ko siyasa. A gayyaci makaɗan maƙwabta waɗanda ba Hausawa ba, sanƙira ya yi sanarwa da Hausa da Larabci.

Kuɗin ƙofa kada ya wuce kuɗin kofin shayi biyu, yara kyauta. Da haka farashi zai bi kasuwa ba sai an yi ta gardama ba. A karɓa a hannu ko ta Bankak, manhajar banki ta waya, mutum biyu su ƙirga a daren. Rabi na makaɗa ne, a biya su kafin su tafi, kashi ɗaya cikin huɗu na mai da ruwa da shara, sauran a ajiye don batir, wanda zai nemi canji cikin shekara biyu zuwa uku. Liƙi na makaɗi ne shi kaɗai, amma a ajiye faranti a gaban dandamali maimakon a bar mutane su hau, don wajen hawa ne ake tsinka waya. Ma'aji ya manna lissafin wata a jikin ƙofa, a kai kwafi ga shehun unguwa.