Yadda za ka karanta The Crucible ka gane shi, ba hadda kawai ba

In an ɗora maka wasan kwaikwayon nan na Arthur Miller, The Crucible, a ajin adabin Turanci, don Allah kar ka fara da neman taƙaitaccen labarinsa a intanet ka haddace sunaye ka ce shi kenan. Wasan kashi huɗu ne kacal, ba shi da tsawon da zai gagare ka, kuma abin da malami zai tambaye ka a jarabawa ba ya cikin taƙaitawa, yana cikin yadda ƙarya ɗaya take haifar da ta biyu har gari guda ya kama da wuta.

Fara da ɗan tarihi, amma kar ka daɗe a nan. A 1692 a garin Salem da ke Massachusetts, a ƙasar da yau ake kira Amurka, akwai Turawa masu tsananin riƙo da addini da ake ce wa Puritan, coci da hukuma a wajensu kusan abu ɗaya ne. Wasu 'yan mata a gidan fasto Samuel Parris suka fara faɗuwa suna ihu, aka ce maita ce, suka fara kiran sunaye. Kafin a ankara an zargi mutum fiye da 200, an rataye 19, wani dattijo Giles Corey kuma aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har ya cika. Shi kuwa Miller a 1953 ya fitar da wasan, lokacin da Amurka ke farautar 'yan kwaminisanci, zamanin Sanata McCarthy, a kira mutum gaban kwamitin majalisa a ce in kana son ka tsira to ba mu sunayen wasu. Shi kansa an kira shi a 1956 ya ƙi ba da sunan kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958. Wannan ya ishe ka. Ɗalibai da yawa sai su cika takarda da McCarthy su manta da wasan kansa, kar ka yi haka.

Kuma fa ka lura, wasan ba littafin tarihi ba ne. Abigail Williams ta gaske, ɗaya daga cikin 'yan matan gidan Parris masu kiran sunaye, yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, John Proctor kuma, manomin da wasan ya fi bin labarinsa, ya kai wajen 60, Miller ne ya mai da ita 'yar 17, ya rage wa Proctor shekaru, ya ƙirƙiro mu'amalar banza a tsakaninsu don labari ya samu inda zai tsaya. In za ka rubuta amsa ka riƙa bambancewa, ka ce "a cikin wasan" ko "a tarihi".

Yanzu ga abin da ni nake ganin shi ne aikin gaba ɗaya. Ɗauki farar takarda ka ajiye a gefe, duk lokacin da wani ya zargi wani ka rubuta abu uku: wa ya yi zargin, wa aka zarga, me mai zargin zai samu ko me yake tsoro. Ruwa ba ya tsami banza. Abigail tana son a kawar da Elizabeth, matar Proctor, ta maye gurbinta. Thomas Putnam gona yake hange, Giles Corey ma ya fito fili a kotu ya ce Putnam ne ya sa 'yarsa ta kira sunan maƙwabci don in an rataye shi ya saye filinsa. Matar Putnam kuwa jarirai bakwai ta binne, zuciyarta na neman wanda za ta ɗora wa, sai ta ɗora wa Rebecca Nurse, tsohuwar da duk garin ya shaida da mutunci. Fasto Parris kujerarsa yake karewa. Kafin ka gama kashi na biyu takardarka za ta nuna maka cewa kusan duk rikicin nan ya girmi maganar maita, dama yana nan a ƙasa, kotu ce kawai ta ba shi ƙofa.

Ƙarshen kashi na ɗaya ka karanta shi sau biyu a hankali. Tituba baiwa ce da Parris ya zo da ita daga Barbados, ba ta da kowa, ana mata barazanar bulala da rataya, tana musu tana kuka, sai ta gane cewa in ta ce e ta ga Shaiɗan muryarsu tana saukowa, har fasto Hale, wanda aka gayyato ya binciki maitar, ya fara lallashinta. Nan take ta amsa, aka sa mata sunaye a baki ta maimaita. Abigail na tsaye tana kallo, ta ga abin ya yi aiki, sai ita ma ta miƙe ta fara jero sunaye, Betty, 'yar Parris, ta tashi daga gadon ciwo ta bi sahu. Duk abin da zai faru a sauran wasan daga nan aka koye shi: wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu ya rayu, wanda ya tsaya kan gaskiyarsa a rataye shi. Kotun kuma tana karɓar shaidar da ba mai gani sai mai ƙara, yarinya ta ce kurwar wance ce ke shaƙe ta, to ta ina wance za ta kare kanta?

Kashi na biyu da na uku kar ka karanta su a zuci. Nemo abokai uku ko huɗu ku raba sunaye ku karanta da ƙarfi, ko da Turancin zai riƙa harɗe muku harshe, don Miller da gangan ya tsufar da shi. Sai a baki za ka ji sanyin da ke tsakanin Proctor da matarsa, da wurin da Hale ya ce wa Proctor ya kawo dokoki goma na Baibul, ya kawo tara ya manta ta zina, matar ce ta tuna masa. Ka bi sawun 'yar tsanar da Mary Warren, 'yar aikin gidan Proctor, ta ɗinka ta ba Elizabeth da allura a cikinta, ka ga yadda abin wasa ya koma hujjar kama mutum. Sannan wurin da ya fi taɓa ni, Proctor ya tona asirin kansa a kotu, ya ce matarsa ba ta taɓa ƙarya ba, aka shigo da ita aka hana ta kallonsa, ita kuma don ta rufa masa asiri ta yi ƙaryar da ta rusa komai. Ka tsaya nan ka rubuta abin da kowannensu ya sani da abin da bai sani ba a daidai wannan lokacin, amsar jarabawa mai kyau daga irin wannan take fitowa.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a wajenmu, mara lafiya cikin zafin zazzaɓi ya kira sunan wata tsohuwa, unguwa ta taru a ce mayya ce sai ta tsallaka shi. Ka yi amfani da wannan don ka fahimci tsoron mutanen Salem, kar ka ɗauke su wawaye, su ma da gaske suke jin tsoron.

In kana neman wanda za ka yi dogon rubutu a kansa, ni Hale zan ba ka shawara. Ya shigo da manyan littattafai yana da tabbacin iliminsa, ya fice daga kotu a fusace a ƙarshen kashi na uku, a na huɗu ya dawo yana roƙon fursunoni su yi ƙarya su tsira da ransu. Ka jera shi da Danforth, shugaban alƙalan kotun, wanda ya ƙi ɗaga rataya saboda an riga an kashe 12 kuma ja da baya zai nuna kotu ta yi kuskure.

Fim ɗin 1996 da Daniel Day-Lewis da Winona Ryder suka fito yana da kyau, Miller ne ma ya rubuta shi, amma ka bari sai ka gama littafin don akwai wuraren da aka canza. Kafin ka kunna shi ka koma kashi na huɗu, inda Proctor ya amsa laifi da baki, ya sa hannu a takarda, sannan ya ƙi miƙa ta a manna a ƙofar coci ya yayyaga ta. Rubuta shafi ɗaya kan dalilin da ya sa ya yarda da na farko ya ƙi na ƙarshe, kowace magana ka kawo mata layi daga cikin wasan.