Yadda na gyara firjin da ke jan mutane da rani

Firjin gidanmu a Gwauron Dutse yana jan duk wanda ya taɓa shi da zarar rani ya kama, da damina kuma lafiya lau. Mai gyaran wuta ya auna sandar jan ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ta kwashe wutar da ta zurare, ya ce ƙasar ce ba ta karɓa.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda jar ƙasar Kano cike take da ƙarfe, har an narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, dole ta ɗauki wuta. Ƙarfen da ke cikin marmara tsatsa ne, shi ya ba ta jan launi. Maganaɗisu ma da ƙyar yake kama mafi yawansa, sai 'yan baƙaƙen ƙwayoyi. Abin da ke tafiyar da wuta a ƙasa laima ce da gishirin da ya narke a cikinta, marmara kuwa idan hunturu ya busar da ita kusan dutse take zama.

Muka haƙa rami har muka tarar da ƙasa mai damshi, muka kafa sanda ta biyu, tazararta da ta farko ta fi tsawon sandar, muka haɗa su da waya mai kauri. Muka cike ramin da garin gawayi da yumɓu. Gishiri ban yarda a zuba ba, yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma ya wanke shi.

Wayar da ta goge cikin firjin ma an canza ta, don daga can wutar ke zurarewa. A Maris da Afrilu nakan zuba ruwa a ramin.