Kada ku yar da obi

'Yan uwa masu tara faifan waƙoƙin Japan, ga shawara. Siririyar takardar nan da ke naɗe a gefen kwali, sunanta obi, wato ɗamara da Japananci. A jikinta ake buga farashi da kuɗin yen da lambar faifan. Da ita faifai yakan fi tsada sosai a hannun masu saye. Ni na yage ta faifaina na farko, na zaci talla ce, har yau abin na ci mini rai.

Ku zare ta a hankali, ku sa a leda nesa da rana da laima, ban da salatif. Kafin ku biya, ku tabbatar lambarta ta dace da ta faifan, domin akwai na jabu.