Masu shirin zuwa Tailan koyar da Turanci, ku tsaya ku ji tukuna

Kusan duk farkon zangon karatu, wato tsakiyar watan Mayu da makarantun ƙasar nan ke komawa, sai an kira waya an ce ga wani ɗan'uwa ya sauka Bankok, yana da digiri, Turanci a bakinsa kamar ruwa, wai a taimaka a nema masa makaranta. Ka tambaye shi wace biza ya shigo da ita, ya ce ta yawon buɗe ido, ejan ya ce masa idan ya iso komai zai daidaita. To wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya a waya shi ya sa na zauna na rubuta.

Abinci da masallaci kar su dame ka, wannan mai sauƙi ne. Akwai musulmi da yawa, a kudu ma kamar Pattani da Yala da Narathiwat su ne mafi rinjaye, a Bankok kuma ka je wajen Ramkhamhaeng ko Nana ka ci halal ka ƙoshi. Ka dai riƙa duba tambarin halal a jikin kaya, don naman alade yana shiga inda ba ka zato, har cikin romo. Zafi kuwa wanda ya yi azumi a Sakkwato ba zai ba shi tsoro ba, gumin ne kawai ya fi namu.

Takardu su ne maganar. Bizar aiki ana ce mata Non-B, kuma makarantar da ta ɗauke ka ce za ta ba da takardun da za a nema da su. Turawa sukan tsallaka Laos, su je Vientiane ko Savannakhet su sauya biza su dawo, sai sabon zuwa ya gani a intanet ya ɗauka shi ma haka zai yi. Ɗan'uwa, koren fasfo ba haka ake yi masa ba, yawanci cewa za a yi ka koma ƙasarka ka nema, ka ga kuɗin jirgi ya zama biyu kenan. Saboda haka tun kana gida ka samu makarantar, ka kai digirinka ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja a buga masa hatimi, ka karɓi takardar 'yan sanda da ta NDLEA, sannan ka nufi ofishin jakadancinsu. Kuma ka sani a lissafinsu ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru ba ya cikin masu Turanci na gado, waɗannan su ne Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya, New Zealand da Ayalan. Kai sai ka rubuta jarabawar gwajin Turanci ta TOEIC ka ci aƙalla maki 600, ko da kuwa digirinka na Turanci ne daga BUK. Ka ji haushi ka gama, sannan ka je ka rubuta, ba ta da wuya. Da wannan ne hukumar malamai ta ƙasar, Khurusapha, za ta ba ka izinin koyarwa na wucin gadi na shekara 2, daga nan sai takardar izinin aiki.

Kar ka shiga aji kafin takardar izinin aikin ta fito. Na san makaranta za ta ce maka fara kawai muna kan yi, kowa haka yake yi. Ranar da jami'ai suka shigo ba firinsifal za a kama ba, kai ne, tarar daga bat (kuɗin ƙasar kenan) 5,000 zuwa 50,000 ce kuma a tasa ƙeyarka gida. A 2018 an yi ta kai samame har cikin makarantu, kuma duk wanda yake nan lokacin ya san fatar wa aka fi tsayarwa a titi.

Sai mai gida, wanda ni a nan na fi shan wuya. Dokarsu ta ce duk wanda baƙo ɗan ƙasar waje ya kwana a gidansa sai ya sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24, fom ɗin sunansa TM30. Aikin mai gida ne, amma idan bai yi ba kai za ka gani a ƙwaryarka, domin ranar da ka je tsawaita biza takardar farko da za a nema kenan. Ni wata tsohuwa na kama ɗaki a wurinta, mutuniyar kirki, har mangwaro take aiko min, amma da na kawo maganar fom ɗin nan sai ta riƙa murmushi tana cewa gobe. Ashe tsoron masu haraji take, ba ta so a san tana karɓar haya. Na yi ta zarya, in je ofis da sassafe in ja lamba in zauna har azahar a ce babu TM30 a koma, in dawo in tsaya bakin ƙofarta da fom a hannu tana leƙo ni ta taga, ga kwanakin biza suna ƙarewa, ga makaranta na yanke min kuɗin ranar da ban zo ba. Ƙarshe sai da na tashi daga gidan na bar mata kuɗin ajiya na wata biyu. Don haka kafin ka biya ko sisi ka tambaya, za ku yi min TM30? Idan aka fara kame-kame ka juya. Ka tambayi nawa suke sayar da wuta ma, gidajen haya da yawa suna lissafa yunit ɗaya bat 7 ko 8, kusan ninkin farashin gwamnati, ka kwana da esi wata guda ka ga takardar da za ta sa ka koma fanka. Ka ɗauki hoton mita da bango da katifa ranar da ka shiga. Kuma kar ka yi mamaki idan an ce maka akwai ɗaki a waya, ka iso a ga fuskarka a ce yanzun nan aka kama.

Bayan wannan akwai rahoton kwana 90, duk wata uku ka sanar da inda kake zaune, ka makara tarar bat 2,000. Wuce wa'adin biza bat 500 ne kullum har zuwa 20,000, idan ya haura kwana 90 a hana ka shigowa shekara guda.

Aikin kansa fa? Kafin ƙarfe 8 kana bakin get kana gaishe da iyaye, a ɗaga tuta a yi taken ƙasa, a yi addu'arsu ta addinin Buddha, kai dai ka tsaya da ladabi ba wanda zai ce sai ka yi. Aji ɗaya yara 40 zuwa 50, wani ajin fanka biyu ne ɗaya ta mutu. Za ka kwana kana shirya darasi ka zo ka tarar ajin babu kowa, an tafi atisayen wasanni, kowa ya sani sai kai. Yaro bai zo ba duk zangon amma ba a yarda ka kayar da shi ba, sai dai ka sake masa jarabawa har ya haye. Kuma abin da ya fi ci min rai, Bature da ba shi da ko takardar koyarwa, kuna aji ɗaya jadawali ɗaya, albashinsa ya kusa ninka naka, hotonsa ne kuma a allon talla a bakin makaranta. 'Yan Filifin ma haka ake musu. Amma kar ka ɗaga murya a ofis, mu mun saba a faɗa a wuce, su kuwa ka kunyata mutum gaban jama'a to ya gama da kai, zai yi maka murmushi har ranar da za a ce ba za a sabunta kwantiraginka ba. Maganar Juma'a tun ranar sa hannu za ka yi ta, ka roƙa a bar maka awar bayan abincin rana babu darasi, yawanci suna yarda idan an faɗa da wuri.

Alhamdulillahi mu 'yan kaɗan ne amma ba a san mu da abin kunya ba, daga 'yan Kano har 'yan zangon Kumasi da na Garwa, wanda ya rasa wurin kwana ba ya kwana a titi, kuma akwai makarantun da idan malaminmu zai tafi cewa suke ya kawo musu ɗan'uwansa. Shi ya sa raina ke ɓaci da wanda zai zo ya yi wata biyu ya gudu ba sallama don an ƙara masa bat dubu biyu a wani wuri. Malam, bizarka a ɗaure take da makarantar, ranar da suka soke izinin aikinka ranar zamanka ya ƙare, sai dai ka biya bat 1,900 a ba ka kwana 7 ka tattara kayanka. Kuma ka rufe ƙofa ga na bayanka.

Ka karanta kwantiragi ka ƙirga watannin da za a biya ka, ejan da yawa wata 10 ko 11 suke biya, hutun Afrilu babu ko sisi alhali haya ba ta hutu. In kuma za ka je gida a hutun, ka sayi izinin sake shigowa kafin ka hau jirgi, bat 1,000 ne na tafiya ɗaya, ana yi har a filin jirgi. Ka fita babu shi bizar ta mutu, sai ka koma layi a Abuja daga farko.